Jagorar Sauya Kayan Amfanin Gida a Legas: Daga Hayaƙin Ɗaki Zuwa Bakin Kwata

Duk wanda ya taɓa zaman haya a Agege, Idi-Araba ko Mile 12 ya san yadda ƙofar gida take wayar gari bayan ruwan sama mai ƙarfi na watan Yuni: kwata ta cika ta tumbatsa, ledojin fiya wata da robobin abinci sun yi dandazo a bakin hanya, kowa kuma yana ɗora wa maƙwabcinsa laifi. Da yake wannan shi ne abin da ido yake gani, da zarar an ɗauko maganar gyaran muhalli sai hankali ya tafi kan leda. Leda matsala ce, kuma za mu zo kanta, amma a ganina ba da ita ya kamata magidanci ya fara ba. Abin da ya fi gaggawa shi ne wanda yake shiga huhun yara da cikinsu a ɗaki ɗaya ko biyu da iyali suke kwana, suke girki, suke kuma ajiye hatsi. Shi ya sa na jera matakan nan daga mafi haɗari zuwa mai dama-dama, kuma shawarata ita ce a ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, a bar kowanne ya zauna ya zama ɗabi'a kafin a ɗauko na gaba, domin gidan da ya ce zai canza komai cikin mako guda yakan koma gidan jiya kafin wata ya ƙare.

Da yawa daga abubuwan da za a ambata ba baƙi ba ne a wurinmu, kayan gidajen iyayenmu ne na Arewa. Sai dai Ikko ba Kano ba ce. Nan akwai laima a iska kusan duk shekara, akwai ƙuncin wuri, akwai kuma maƙwabta goma ko fiye da ake haɗa banɗaki da wurin girki da su, saboda haka kowace dabara sai an yi mata kwaskwarima kafin ta yi aiki.

Mataki na farko: a fitar da hayaƙi daga inda ake numfashi

A fara da janareta, domin shi ne mai kisa a dare ɗaya. Hayaƙinsa yana ɗauke da wata iska mai guba da ba ta da launi kuma ba ta da wari, wadda idan ta shiga jini take hana shi ɗaukar iskar da jiki yake rayuwa da ita. Alamominta na farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, amma mai barci ba ya jin ko ɗaya daga cikinsu, kuma ta haka ne ake wayar gari a tarar da iyali sukutum sun rasu a ɗaki. Dalilin da yake sa mutane su shigar da janareta baranda ko lungun da ke tsakanin ɗakuna sananne ne, wato tsoron ɓarawo da tsoron ruwan sama. Maganin duka biyun shi ne a sa mai walda ya yi masa keji mai rufin kwano da kwaɗo a waje, nesa da tagogi da ƙofofi da kimanin mita 6 idan fili ya ba da dama, bakin salansa kuma ya juya wa gini baya. Idan gidan ba shi da irin wannan fili, to a kashe shi kafin a kwanta, ko da zafi ya kai inda ya kai.

Abin da zai maye gurbinsa da daddare shi ne fanka da fitila masu caji, ko ƙaramin allon sola da batirinsa. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lissafin ya canza ƙwarai: kuɗin man da ƙaramin janareta yake sha a 'yan watanni ya isa ya sayi fanka mai caji. Wanda zai saya a kasuwar Alaba ko wani wuri ya nemi a gwada masa a gabansa, ya kuma tambaya ko ana samun batirinta daban, domin batiri ne yake fara mutuwa, kuma fankar da ba a iya canza wa batiri bola ce mai jiran lokaci.

Sai murhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda mafi yawanta daga girki da itace, gawayi da kananzir take fitowa, tana sanadin mutuwar mutane kusan miliyan 3 a duk shekara, mata da ƙananan yara kuma su ne suka fi shaƙarta domin su ne a gindin tukunya. Gas ya fi su tsabta nesa ba kusa ba. Wanda ba zai iya sayen tukunyar gas mai kilo 12.5 ba zai iya farawa da mai kilo 3 ko 6, wadda ake ɗora kan murhu a samanta. Sharuɗɗansa kaɗan ne amma ba a wasa da su: tukunyar ta zauna a tsaye a inda iska take wucewa, a ɗaure bututun roba da maƙalin ƙarfe a bakinsa biyu, a riƙa shafa kumfar sabulu a mahaɗai don a ga ko za ta yi ƙwai, wanda shi ne alamar yoyo. Idan aka shigo aka ji warin gas, kada a kunna fitila kuma kada a kashe ta, kada a ƙyasta ashana. A rufe kan tukunyar, a buɗe ƙofa da taga, a fitar da yara. Harshen wuta shuɗi ake so. Idan ya koma ja yana baƙanta gindin tukunya, ramukan murhun sun toshe, a wanke su.

Na san akwai gidajen da tsadar gas ta mayar da su kan gawayi, kuma faɗa musu su daina ba zai cika musu tukunyar gas ba. To aƙalla a kiyaye abu uku. A hura kurfoti a waje, a yi girkin a waje. Kada a shigar da ragowar garwashi ɗaki a rufe ƙofa, ko don ɗumi a lokacin sanyin damina ko don jego, domin gubar da ke hayaƙin janareta ita ce dai a garwashi. Na uku kuma, a daina hura gawayi da leda. Wannan al'ada ta yi katutu saboda leda tana kamawa da wuri, amma hayaƙin robar da ta narke yana cikin mafi munin abin da mutum zai shaƙa. Tsohuwar takarda, ɓawon kwakwa, busasshen ɓawon lemo ko totuwar masara, tare da mafici, suna yin aikin. Turaren wuta ma, wanda babu uwargidan da za ta yarda a raba ta da shi, a sa shi taga a buɗe, jariri kuma ba ya cikin ɗakin.

Akwai dabarun da suke rage makamashi ko da me ake girki. A jiƙa wake tun dare, a zubar da ruwan da safe, zai nuna da wuri ba tare da an cika masa kanwa ba. A rufe tukunya da murfin da ya zauna daidai. Wadda ta fi ba mutane mamaki ita ce naɗe tukunya: a bar shinkafa ta tafasa kamar minti biyar, a sauke da murfinta a rufe, a naɗe ta da tsohon bargo mai tsabta a cusa cikin kwando ko kwali, bayan kamar minti arba'in za a tarar ta nuna da zafin da ta riƙe. Jiƙaƙƙen wake yana buƙatar tafasa ta minti ashirin da naɗi na awa biyu zuwa uku. Sharaɗi ɗaya ne, kada a manta abinci a naɗe har ya huce ya yini. Idan ya daɗe, a sake tafasa shi kafin a ci.

Mataki na biyu: a kwashe guba daga ƙarƙashin gado

A kusan kowane ɗakin haya akwai wani lungu da ake ajiye fiya-fiya, maganin ɓera, bilic da kananzir, sau da yawa a cikin gorar lemo ko ta ruwa. Yaro ɗan shekara biyu bai san bambanci ba. Aikin farko a nan ba ya cin ko sisi: kowane sinadari ya zauna a mazubinsa na asali, a ɗaga shi sama inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Fiya-fiya da Sniper sinadari ɗaya ne yake aiki a cikinsu, kuma don gona aka yi shi, ba don ɗakin kwana ba. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna, amma har gobe ana yayyafa shi a ɗaki a rufe, a dawo bayan awa ɗaya a shimfiɗa wa yara. Madadinsa a yaƙi da sauro hawa uku ne. Na farko raga a tagogi, a kuma toshe ƙarƙashin ƙofa da magariba. Na biyu gidan sauro mai magani, wanda akan raba wa masu ciki a asibitocin unguwa. Idan sabo ne a shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a ɗaura, idan an wanke shi a yi da sabulu mara ƙarfi, kada kuma a shanya a rana. Ƙorafin da ake yi cewa yana da zafi gaskiya ne, amsarsa kuma ita ce fankar nan mai caji. Na uku shi ne hana sauro wurin haihuwa. Daga ƙwai zuwa sauro mai cizo kwana goma ne ko makamancin haka, don haka idan aka ware rana ɗaya a mako ana kifar da tsofaffin tayoyi, gwangwanaye da bokitai, ana rufe duro, ana share kwata ta gudana, an katse masa zuriya a wannan gida. Igiyar leƙo kuwa hayaƙi ce a ɗakin da aka rufe, a bar ta sai dole.

Maganar wake tana buƙatar tsayawa, domin mutanenmu ne suke kawo shi Legas, su ne kuma da yawa suke sayar da shi. Mai sayen buhu ko rabin buhu ba ya buƙatar zuba masa magani. Ƙwaron wake yana numfashi kamar kowace halitta, idan aka toshe masa iska sai ya mutu. A shanya waken ya bushe ƙayau, har idan an ciza ya ba da ƙara. A samo jarkar man girki da aka wanke ta bushe sarai, ba wadda ta taɓa ɗaukar fetur ko sinadari ba. A cika ta har wuya, a girgiza a ƙara, a sa leda mai kauri a bakin a murɗa murfin ya kama. A bar ta makonni ba a buɗe ba. Hikimar ita ce a raba waken a ƙananan jarkoki da yawa, ta yadda buɗe ɗaya ba zai shigar wa saura iska ba. Masu yawan hatsi akwai buhun PICS mai hawa uku da aka yi shi a kan wannan ƙa'ida. Gyada, masara da barkono kuwa babban abokin gabarsu a Legas funfuna ce. Abin da zai shekara a rumbu a Katsina zai iya yin funfuna a nan cikin 'yan makonni, funfunar gyada da masara kuma tana fitar da guba mai lalata hanta wadda dafuwa ba ta kashewa. A sayi daidai abin da za a cinye a wata ɗaya ko biyu, a ɗora buhu a kan katako nesa da bango, duk ƙwayar da ta canza launi ko ta yi ɗaci a zubar.

Wajen wanke-wanke da goge-goge, toka tana fitar da maiƙo da baƙin tukunya, lemon tsami yana kashe ƙarnin kifi, sabulun salo kuma ya wadatar da wanka. Amma ba zan ce a yar da bilic ba. A banɗakin da gida goma suke haɗawa, musamman a lokacin amai da gudawa, babu lemon tsamin da zai yi aikinsa. Abin kiyayewa shi ne a sirka shi da ruwa yadda aka rubuta a jikinsa, kada kuma a taɓa haɗa shi da ruwan wanke masai mai asid, domin haɗin yana tayar da iskar da take ƙona huhu, kuma a banɗaki mara taga mutum zai iya faɗuwa kafin ya kai ƙofa.

Abu biyu na kwalliya su ma a nan suke. Kwallin dutse mai ƙyalli da ake sa wa jarirai sau da yawa yana ɗauke da darma, darma kuwa tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro ta hanyar da ba ta gyaruwa. Wanda ya tuna yaran da aka rasa a ƙauyukan Zamfara a 2010 ya san ba ƙaramar guba ba ce. Idon jariri ba ya buƙatar komai. Mayukan canza launin fata kuma ana samun zaiba da wasu sinadarai masu cutar da ƙoda a cikin da yawansu. Man kaɗanya, wanda Yarabawa suke kira ori kuma ba ya wuyar samu a kasuwannin Legas, ya ishi fata.

Mataki na uku: ruwan sha

A yi lissafi. Gida mai mutum shida, kowa yana shan leda huɗu a rana, leda 24 ke nan, a wata 720, wato jaka 36 mai ɗauke da leda ashirin-ashirin. Wannan kuɗi ne mai yawa, kuma mafi yawan ledojin a kwata ko juji suke ƙarewa. Duk da haka, ba zan ce wa kowa ya bar fiya wata ya koma shan ruwan 'yan ga-ruwa kai tsaye ba. Ɓarkewar kwalara da aka yi a Legas a watan Yunin 2024 ta isa tunatarwa, kuma a unguwannin da salga take dab da rijiya, ruwa zai iya zama garau a ido yana ɗauke da cuta.

Hanyar ita ce a tsabtace ruwa a gida. Idan yana da gurɓi, a bar shi ya kwanta, a tsiyaye na sama ta cikin farin ƙyalle mai tsabta. Daga nan a zaɓi ɗaya: ko a tafasa shi ya yi ɓul-ɓul na minti ɗaya cur, ko a ɗiga masa maganin tsabtace ruwa irin su WaterGuard daidai ma'aunin da aka rubuta, a jira minti talatin. Inda aka fi yin asara shi ne wajen ajiya. Randa tana sanyaya ruwa ba tare da firji ba, amma randar da kowa yake tsoma moɗa da hannunsa a ciki ta ɓata duk wahalar da aka sha. A nemi bokiti mai murfi da famfo a gindinsa, ko a keɓe moɗa mai doguwar mariƙa da ake ratayewa, ba a sha da ita. Yara masu zuwa makaranta da maigida mai fita kasuwa kowa ya sami gorarsa da ake wankewa kullum.

Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta ne kawai. Ba ta cire gishiri, kamar yadda ake fama da shi a rijiyoyin da ke kusa da teku, ba ta kuma cire fetur. Idan ruwan burtsatse yana warin mai ko yana da wani ɗanɗano, a bar shi ga wanki, a koma sayen babbar gora mai lita 19 wadda ake mayarwa a karɓo cikakkiya. Ita ma ta rage leda sosai.

Mataki na huɗu: abin da yake shiga tukunya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a rana kada ya kai giram 5, wato ƙasa da cikin ƙaramin cokalin shayi. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, kuma akwai miyar da ake jefa wa shida ko takwas sannan a ƙara gishiri a kai. Hawan jinin da ya addabi gidajenmu yana da alaƙa da wannan. Yankewa gaba ɗaya ba ya yiwuwa, maigida zai ture kwano. Abin da yake aiki shi ne a rage dunƙule ɗaya duk mako biyu, a cike gurbin da daddawa, albasa da aka soya ta yi ja, tafarnuwa, citta, masoro, ɗanɗoya da garin busasshen kifi ko na jatan lande. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni. Idan daddawar gida ta yanke, iru, wato daddawar Yarabawa, ɗiyan ɗorawa ne shi ma, bambancin sarrafawa ne kawai.

Haka lemon kwalba. Gora ɗaya mai santilita 50 tana iya ɗaukar sukari kusan giram 50, wanda shi ne iyakar abin da aka shawarci babba ya sha a yini. Zoɓo, tsamiya, kunun aya da kunun zaƙi su ne madadinsa, amma gaskiya ita ce zoɓon da aka juye wa gwangwanin sukari bai fi lemon kanti da komai ba. A zaƙaƙa shi da abarba ko dabino, a rage sukari sannu a hankali. Kunun aya kuma ba ya jure zafin Legas, a yi daidai na yini da ruwan da aka tsabtace. Man suya da ya yi baƙi, ya yi kauri, yana hayaƙi tun bai yi zafi ba, ya gama aiki. Kada a zuba shi a kwata domin yana daskarewa ya kama datti, a juye shi a gora a sa a shara.

Sai abin da na fi so uwargida ta duba da idon basira, wato zuba abinci mai zafi a leda. Tuwo a leda, alale a leda a cikin tafasasshen ruwa, koko da kunu a leda, har miya. Zafi da maiƙo suna taimaka wa sinadaran roba su ratsa cikin abinci, waɗannan siraran ledoji kuma ba don dafuwa aka yi su ba. Iyayenmu da mara suke kwashe tuwo su jera malmala a kwano ko akushi, kuma kula mai cikin ƙarfe tana riƙe zafinsa har dare. Idan ana gudun ya manne, a tsoma marar a ruwa kafin kowace malmala. Alale kuwa a nan Legas ta fi mu dabara: maƙwabtanmu Yarabawa da faffaɗan ganyen nan da suke kira ewe eran suke ƙulla nasu, ana sayar da shi ɗauri-ɗauri a kasuwa, yana ba alale ƙamshi, bayan an ci kuma ya ruɓe ya koma ƙasa. Wadda hannunta bai saba da naɗin ba ta roƙi maƙwabciya ta nuna mata sau ɗaya, ko ta yi amfani da ƙananan kofunan silba da aka shafa wa mai. Yaron da ake aika sayen koko da safe a ba shi kofi mai murfi.

Mataki na biyar: leda da cefane

A watan Janairun 2024 gwamnatin Jihar Legas ta haramta farar robar nan mai kama da soso da ake zuba abincin sayarwa a ciki, daga 1 ga Yuli, 2025 kuma ta fara aiwatar da haramci a kan wasu robobin da ake amfani da su sau ɗaya, irin su tsinken shan lemo, cokula da kofunan roba, da siraran ledojin da kaurinsu bai kai maikiron 40 ba. Wannan ya shafi masu sayar da abinci, masu shayi da masu suya kai tsaye, kuma mutanenmu suna da yawa a cikinsu.

A gida, gyaran ba shi da wuya. A ware jaka biyu masu ƙarfi, ko buhun shinkafa da tela ya sa wa hannu, a rataye su a bayan ƙofa inda mai fita zai gan su, domin mantuwa ce take kayar da wannan mataki ba rashin niyya ba. Tumatir da tattasai a zuba su a bokiti, nama da kifi a roba mai murfi, niƙa kuma a bokitinsa. Sayayya da yawa a lokaci ɗaya tana rage leda da kuɗi tare: gida huɗu ko biyar su haɗa kuɗi su sayi kwandon tumatir a Mile 12 lokacin da yake araha, kowa ya niƙa nasa ya tafasa har ruwan ya ƙone. Shanya tumatir a rana irin ta gida ba ta cika yin kyau a nan ba sai a ɗan tsakanin hunturu. Haka ƙananan ƙullin madara, omo da man girki: babban mazubi ɗaya ya fi araha idan aka auna, ga wanda aljihunsa zai iya.

Mataki na shida: wutar lantarki

Wannan gajere ne. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60 da yake ci awa shida kullum yana shan kusan yunit 11 a wata, ƙwan LED mai wat 9 da yake ba da haske kwatankwacinsa kuma bai kai yunit 2 ba. Ga mai mita ta kati, musamman wanda aka sa a rukunin A, na masu samun wuta da yawa, da aka ƙara wa kuɗi a Afrilun 2024, bambancin a fili yake. A tara guga a yi ta sau ɗaya a mako, a bar abinci ya huce kafin a sa a firji, a duba robar ƙofar firjin ko tana kamawa. Kayan da suka lalace a fara kai wa mai gyara kafin a yi maganar sabo.

Mataki na bakwai: shara

Idan an bi matakan baya, sharar gidan ta riga ta ragu. Abin da ya saura a raba shi uku tun daga ɗaki. Kashi na farko abin da ake saye: gorunan roba, gwangwanayen lemo, kwali, ƙarfe da tsofaffin tukwane. Wannan ba sai an yi wa Bahaushen Legas dogon bayani ba, domin 'yan gwangwan da masu jari-bola 'yan uwanmu ne, kuma sun daɗe suna yin aikin da yanzu ake yi wa suna da manyan kalmomi. Akwai kuma kamfanoni irin su Wecyclers da suke karɓar roba a wasu unguwanni su ba da lada. A ɗauraye gora, a taka ta ta lanƙwashe, a tara a buhu. Kashi na biyu abin da yake ruɓewa. Kashi na uku saura, irin su famfas da ledoji masu datti, waɗanda za a ƙulle a ba motar kwasar shara da ke aiki ƙarƙashin hukumar LAWMA. Kada a ƙona, kada kuma a jira ruwan sama a tura a kwata, domin sharar da aka tura da daddare tana tsayawa ne a ƙarƙashin gadar da ke gaba, ruwan kuma ya dawo ɗakin wanda ya tura ta. Matattun batura a ajiye su daban inda yara ba sa kaiwa, tsohon batirin mota ko na sola kuma a mayar wa mai sayar da sabo, kada a fasa shi a gida.

Abin da yake ruɓewa shi ne taki. A sami bokitin fenti mai murfi, a huda gindinsa da gefensa, a riƙa zuba ɓawon doya, na ayaba, ragowar ganye da ɓawon ƙwai, duk zubi ɗaya a rufe shi da busasshen ganye, yagaggen kwali ko garin katako daga wurin kafinta. Ban da nama, kifi, mai da dafaffen abinci, domin su ne suke kiran ɓera, ɓerayen Legas kuwa ba sa buƙatar gayyata ta biyu. A juya shi sau ɗaya a mako. Idan ya yi wari ya jiƙe da yawa ne, a ƙara busasshen abu. Cikin wata biyu zuwa uku zai koma baƙar ƙasa. A gauraya ta da ƙasa a buhun shinkafa da aka huda, a jingine a inda rana take samu na rabin yini, a yafa irin alayyafo. Cikin wata ɗaya ake fara tsinka. Lalo, ɗanɗoya da barkono su ma suna yi a buhu, zogale kuma yana yi a babban bokiti idan ana datse kansa. A ɗora buhunan a kan bulo saboda ambaliya, a kuma nemi izinin mai gida ko wakilinsa tun farko, don kada a wayi gari an watsar.

Ranakun taro

Suna, biki, buɗe-baki a masallaci da Babbar Sallah su ne ranakun da gida yake tara sharar wata guda a yini ɗaya. Matan gida ɗaya ko na unguwa za su iya yin adashi su sayi faranti, kofuna da cokula na silba kamar hamsin-hamsin, a ajiye wurin mutum ɗaya, duk mai hidima ta ara ta wanke ta mayar, wadda ta ɓatar kuma ta biya. Cin abinci a babban tire mutum huɗu ko biyar al'adarmu ce, ba ta buƙatar roba ko ɗaya, kunun buɗe-baki kuma a kai shi masallaci a babbar kula da ludayi da kofuna. Ranar layya a haƙa rami tun jajibiri idan akwai ƙasa a gidan, jini da kayan tumbi su shiga ciki a binne. Inda ko'ina siminti ne, a tare jinin a bokiti da garin katako ko yashi, a ƙulle shi da sauran ƙazantar a buhu mai kauri a ba masu kwasar shara, a wanke wurin da ruwan bilic kafin ƙuda su taru, fatar kuma a barbaɗa mata gishiri a miƙa wa masu karɓa tun kafin la'asar.